Tanderun da Ke Ƙarƙashin Ɗakinmu

A ƙarshen sanyin shekarar nan Mamma ta daina cin abinci. Ba ciwo ne ya kwantar da ita ba. In na ajiye mata kwano sai ta dube shi kamar baƙon da ya faɗo mata ɗaki ba sallama, ta ture shi da ɗan yatsa, ta mayar da fuskarta taga. Na yi mata romon kaza. Na yi taliya da wake yadda take so, har da ɗan ƙanzon gindin tukunya. Na sa aka kawo mini kifi daga bakin ruwa yana motsi. Duk a banza. Shekarunta tamanin da 'yan kai, gigin tsufa kuwa ya daɗe da fara ɗibar ta, amma bakinta bai taɓa ƙin abinci ba sai wannan karon.

Likita ya hawo benenmu yana haki, ya dudduba ta, ya ce in yi ta lallaɓawa. Da ya sauka na ji shi yana ce wa Titina, matar mai shagon da ke ƙasanmu, ta naɗe masa fiza guda biyu, zai tafi da su gida.

Ni Clementina nake, ɗinkin safar hannu ta fata nake yi a gida, kamar yadda rabin matan unguwarmu ta Sanità suke yi a da. Ban yi aure ba, kuma na daina jin zafin masu tambaya. Ni da Mamma muna zaune a hawa na farko, daidai saman shagon Sabatino mai gasa fiza, gurasar nan mai tumatir da cuku, a wani lungu da rana ba ta leƙo shi sai ta take tsaka. Tanderunsa yana ƙarƙashin ɗakin kwananmu. Da sanyi, in ka taka daɓen ɗakin ba takalmi sai ka ji ɗumi kamar ka taka bayan kyanwa. Tun ina yarinya da ƙamshin hayaƙin itacensu nake sanin hantsi ya yi, a lokacin mahaifinsa Don Rafele ne ke riƙe da shagon.

Shagon ba wani girma gare shi ba. Tebura biyar ne ko shida, ɗaya ma gurgu ne, an tokare masa ƙafa da murfin kwalba. Tanderun yana can ƙurya, an lulluɓe shi da ƙananan tayil shuɗaye, wasu sun zube an cike gurbinsu da farare. A bango akwai hotunan mamatan gidan da ɗan jan ƙwan lantarki yana ci a ƙarƙashinsu dare da rana. Titina, matar Sabatino, ita ce a bakin ƙofa. Ita ke zaunar da mutane, ita ke tashin su in sun cinye sun tsaya hira, ita ta san wanda matarsa ta yi yaji da wanda ɗansa ya faɗi jarrabawa. Na daɗe rabona da zama a ciki. In ina so sai in zuro kwando da igiya daga baranda, Titina ta saka mini, in janye.

Ƙanena Ottavio yana birnin Torino, can arewacin ƙasarmu, yana aiki a kamfanin inshora. Duk Lahadi yake bugo waya.

"Clementì, ki saurare ni. Akwai gidan kula da tsofaffi a nan kusa da ni, da lambu, da ma'aikata masu fararen kaya. Na je na gani da idona."

"Suna da baranda da za ta riƙa zagin masu babur daga sama?"

"Ke komai wasa ne a wurinki."

"Matar da ba ta ci a ɗakinta, a ɗakin wasu za ta ci?"

Sai ya yi ajiyar zuciya irin ta mutanen arewa, doguwa, ya ce mu yi magana wani makon.

Ranar da abin ya faru ruwa ake yi tun safe, irin yayyafin nan da ba ya ƙarewa. Kayan shanya da aka manta a igiyoyin lungu sun yi nauyi suna ɗiga. Na zauna a gaban keken ɗinki bayan azahar ina haɗa yatsun wata safa ruwan toka, ɗumin daɓe yana hawowa ta tafin ƙafata, ƙarar ruwa tana shiga kunnena. Ban san lokacin da barci ya sace ni ba. Da na farka kujerar Mamma ba kowa. Bargon da nake rufa mata a cinya yana ƙasa, ƙofa a buɗe.

Na sauka matakalar nan ban san yadda aka yi ban karye ba. Ina fitowa lungu na duba hagu da dama, ba ta. Sai Titina ta miƙo hannu daga ƙofar shago ta cafke ni, ta ɗora yatsa a leɓe.

"Shiga a hankali. Kar ki tashe ta."

"Barci take?"

"Shiga ki gani."

Masu cin rana sun watse, saura Don Agostino, tsohon direban jirgin ƙasan cikin gari, wanda ya mai da teburin gurgun nan ofishinsa. Wutar tanderu ta lafa ta zama garwashi, haskenta yana wasa a rufi. Mamma tana tsaye a bayan teburin marmara inda Sabatino ke aiki, da silifas ɗinta na ɗaki, ta naɗe hannun rigar sanyinta har gwiwar hannu. Shi kuwa Sabatino, ƙaton mutum mai tumbi, ya ja gefe ya ɗaga hannuwa sama kamar wanda 'yan fashi suka tare.

Ta ɗauki curin kwaɓi ɗaya, ta danna shi da yatsa, ta jira ya taso.

"Rafè," ta ce, da sunan mahaifinsa da ya rasu tuntuni, "wannan kwaɓin bai ƙoshi da barci ba ka tashe shi."

"Tun jiya yake kwance, Donna Nunzià."

"To kai ma tun jiya kake kwance, dubi idonka. Ina kaskon?"

"Wane kasko?"

"Na suya mana, ko da bakinka zan soya?"

Sabatino ya dube ni, ni ma na dube shi. Titina ce ta wuce ciki ta fito da wani baƙin kasko mai zurfi, ta ɗora a wuta, ta tuttula mai.

Na tsaya ina kallon hannun mahaifiyata. Hannun nan da ya kasa ɓalle maɓalli, wanda nake riƙe masa cokali, shi ne ya faɗa cikin gari kamar kifi ya koma ruwa. Ta baza kwaɓin da tafi, ta juya, ta mare shi a marmara, ta sake juyawa. Ta ɗebo cuku mai laushi da bayan cokali ta shafa a tsakiya, ta barbaɗa masoro, ta tsinki ganyen ɗoɗɗoya ɗaya ta yaga biyu. Ta ninke, ta bi bakin da gindin tafinta tana dannawa. Sannan ta ɗaga shi ta kunnuwa biyu ta zura a mai. Ya nutse, ya taso, ya kumbura kamar matashin kai, ya yi ja. Tana watsa masa mai a baya da ludayi tana wata 'yar waƙa a maƙogwaro da ban taɓa jin ta ba.

Da ta tsame ta naɗe shi a takarda, ta miƙa wa Don Agostino. Har ya miƙo hannu sai ta janye.

"Tsaya in ji gishiri."

Ta gatsa. Tururi ya fito ya rufe mata tabarau. Ta sake gatsa. Muna tsaye mu huɗu muna kallo, har ta cinye tas, ta lashe yatsa, ta goge baki da bayan hannu.

"Gishiri ya yi," ta ce. "Wa ke biye?"

Don Agostino ya ce, "Ni ne dai, tun ina da gashi nake biye."

Na zauna a kujerar da ke kusa da shi. Na tambaye shi a ina ta koyi wannan.

"Au, ba ki sani ba?" Ya cire hula ya sosa sanƙo. "Can ƙasan lungu, inda mai gyaran waya yake yanzu, ɗakin gwaggonta ne. Tana 'yar budurwa a bakin ƙofar take suya. Layi har kwana. Rabinmu ba yunwa muke ji ba, ni kaina sai da na yi ƙiba a banza. Sai babanku ya zo da taye da jakar ofis ya ɗauke ta, ya ce matarsa ba za ta ƙara tsayawa a titi ba. Daga ranar ba wanda ya sake tayar da maganar."

Shekara hamsin da wani abu ina ɗaki ɗaya da matar nan, ban taɓa ganin ta soya ko ɗaya ba.

Washegari, hayaƙin farko na tasowa ta miƙe da kanta tana neman takalmi. "Rafele ya hura wuta," ta ce, "za mu makara." Na taje mata kai, na riƙe ta muka sauka. Titina ta riga ta ajiye mata farin ƙyalle na ɗaurawa a ƙugu, an ninka shi biyu don kar ya ja ƙasa.

Haka muka shiga bazara. Ba ta daɗewa, sa'a ɗaya ko biyu bayan cunkoson rana ya ragu. Takan yi goma, wani lokaci biyar, wasu a karkace, wasu cukun ya tsere ta gefe. Na farko kullum nata ne, don jin gishiri. Daga baya ta fara jin gishirin tumatir, da na miyar da Titina ke dafa wa kansu, har da na abin da ke cikin farantin mutane. Kumatunta suka fara dawowa.

Labari ya zaga unguwa. Tsofaffin da suka daɗe ba su sauko daga benayensu ba aka fara ganin su, da sanduna, da jikoki riƙe da su. Mamma ba ta kiran kowa da sunansa. Mai sayar da kayan miya ta mai da shi kakansa. Wata malamar makaranta ta zama Graziella, ƙawarta da ta tafi Ajantina a jirgin ruwa ba ta dawo ba. Da farko mutane suna gyara mata, daga baya suka bari. In ta ce, "Graziè, yaushe kika dawo?" sai malamar ta ce, "Jiya da yamma, Nunzià, teku ta yi kyau." Wani mai gyaran famfo da ta ba sunan wani mamaci, Totonno, ya je gida ya tambayi uwarsa ko wane ne, ya dawo washegari da labarin mutumin kaf, har da yadda yake ɗingishi.

Ni ma na fara saukowa da ɗinkina. Nakan zauna kusa da ƙofa inda haske yake, fata a cinyata. A irin lokacin nan rana takan sami hanya ta tsakanin kayan shanya ta faɗo cikin shagon kamar an zuba zuma, garin fulawa yana yawo a cikinta a hankali, ba ya sauka. Ƙararrawar coci ta buga can nesa. Sabatino ya zura dogon shebur ɗinsa na katako a tanderu, ya juya, ya fito da fiza tana huci, gefenta da ɗigon baƙi-baƙi, man zaitun yana ƙyalli a kan tumatir. Muryoyi su cakuɗe, na masu rai da sunayen waɗanda suka tafi, har ni kaina in rasa wace shekara muke. Wani lokaci sai in ga kamar in na ɗaga kai zan ga Don Rafele ya sauko daga hotonsa yana neman hularsa. Ban ji tsoro ba ko sau ɗaya. Daɗi ma nake ji, irin na wanda ya farka ya tarar da sauran lokaci, ya koma ya kwanta.

Ni kaɗai ce ba ta canza wa suna ba. Sai dai ta mayar da ni 'yar shekara bakwai. "Clementì, sauke ƙafarki daga kujerar mutane." Sai in sauke.

Wata ranar Alhamis mai ya fantsamo mata a wuyan hannu. Ba wani abin kirki ba ne, ɗan tabo kamar ƙwayar wake, Titina ta shafa mata magani ta ɗaure. Amma a ranar wata 'yar unguwa ta ɗauki hotonta a waya tana suya da ɗaurin a hannu, hoton ya yi ta yawo daga waya zuwa waya har ya isa Torino.

Ranar Asabar da rana ina shirin sauko da ɗinkina sai ga Ottavio a matakala, da kwat da ƙaramar jaka mai taya, fuskar nan kamar hadari.

"A waya zan ga uwata? A waya, Clementì? Abokin aikina ne ya nuna mini yana dariya, wai dubi wata tsohuwar garinku."

"Sannu da zuwa. Ka ci abinci?"

"Mace mai shekara tamanin da huɗu a gaban tafasasshen mai! Kin sa ta aikatau a shagon mutane!"

"Ba wanda ya sa ta. Da ƙafarta ta sauka."

"Da ƙafarta za ta faɗa kaskon ma. Na riga na yi magana da mutanen can, akwai ɗaki. Ranar Litinin zan tafi da ita."

"To. Tana ƙasa, je ka gaya mata."

Ya ajiye jakar a nan matakala ya juya. Na bi shi.

Shagon a cike yake. Sabatino ya hango shi daga bakin tanderu ya ɗaga murya. "Jama'a ku gyara zama, Torino ta iso! Ottà, ina ka bar sauran jikinka? Ko can awo ake sayar da abinci?" Tare suka yi firamare, tare aka sha korar su daga aji. Ottavio ko kallonsa bai yi ba. Ya nufi teburin marmara kai tsaye ya tsaya a gaban Mamma.

"Mammà."

Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau, daga taye har takalmi. Ta yi masa murmushin da ake yi wa baƙo mai kuɗi, ta kira shi da laƙabin da ake ba manyan 'yan boko.

"Dottò, a bi layi. Ko da yake bari, na ga daga nesa kake. Titì, ba shi kujera kar ya faɗi, iska za ta iya ɗauke shi."

Titina ta turo masa kujera ta bayan gwiwa, ya zauna ba da niyya ba, dab da marmarar.

"Daga arewa kake, ko?" Mamma ta ce, hannunta yana aiki. "Na gani a wuyanka. Ɗana ma yana can. Ottavio. Wataƙila ka san shi, yana da kunnuwa irin naka, kamar hannun tukunya."

Wani ya fara dariya a baya, Titina ta harare shi ya haɗiye.

"Na san shi," Ottavio ya ce a hankali.

"To ka ce masa ya riƙa cin abinci. Can ba su iya komai ba sai shinkafa da man shanu. Yaron kirki ne, sai dai taurin kai, na ubansa. Yana ƙarami in an sayo fiza gefen kawai yake ci, ya bar wa yayarsa tsakiyar, wai shi ba ya son cuku. Ƙarya yake. Ya ga ita ta fi so ne." Ta ninke kwaɓin ta danne bakin. "Ya ɗauka ban gane ba."

Ni ma ban taɓa ganewa ba. Na dubi ƙeyarsa, ta yi ja har kunnuwa.

"Yana zuwa ganin ki?" ya tambaya.

"Aiki ya yi masa yawa. Amma kullum da yamma ina ganin sa daga baranda, yana dawowa daga makaranta, jakarsa a buɗe, littattafai suna zuba." Ta zura a mai. "Kai kana da uwa, Dottò?"

"Ina da ita."

"To me kake yi a nan? Ci ka tafi wurinta."

Ta naɗe masa a takarda ta danƙa masa a hannu biyu, ba ta ko ji gishirin ba. Ya riƙe yana kallo. Da ya gatsa tururin ya buge shi a fuska, ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa.

Sabatino ne ya cece shi. "Masoro ne," ya ce da ƙarfi. "Cikin 'yan arewa ba ya ɗaukar masoro. Titì, ba shi ruwa kafin ya mutu mana a shago a ce mu ne."

"Rufe mini baki, tulu," Ottavio ya ce yana share ido da hannun kwat. "Kai da ka maimaita aji uku."

"Sau biyu. Kuma dubi wanda ke ciyar da wani yau."

Da yamma, bayan na kwantar da Mamma ta huta, muka zauna ni da shi a baranda. Bai sauko daga bakansa gaba ɗaya ba, Ottavio ne. Ya ce maganar mai dai babu ita, ko ya tafi da ita ko a raba ta da kasko. Na ce wannan gaskiyarsa ce. Muka sauka tare muka sami Sabatino, aka shirya cewa ita za ta riƙa bazawa tana ninkewa, shi ya soya. Ranar Litinin, maimakon jirgin ƙasa, Ottavio ya shiga kasuwa ya dawo da wata doguwar kujera mai jingina da wurin ɗora ƙafa, ya sa kafinta ya rage mata tsawo har sau biyu kafin ta yi daidai da marmarar. Washegari Mamma ta hau ta zauna kamar sarauniya, ta ce wa Sabatino, "Rafè, wannan Dottò ɗin yana da hankali. A nema masa mata."

Raba ta da kaskon bai zo da sauƙi ba. Kwana da kwanaki tana yi wa Sabatino tsegumi a kan kafaɗa, wai ya cika wuta, wai yana juya su kamar yana juya katifa. Yakan ce, "To, Donna Nunzià," ya ci gaba da abinsa.

Ottavio ya koma, amma ya fara zuwa duk ƙarshen wata. Bai ƙara cewa "Mammà" a shago ba. Yakan shigo ya ce, "Donna Nunzià, na kawo gaisuwa daga ɗanki," ta ce, "Ya yi ƙiba?" ya ce, "Ya fara." Sai ta ba shi saƙo ya kai masa: ya sa rigar ciki in ana sanyi, kar ya yi aure don kyau, ya daina karatu a duhu. Yana sauraro yana gyaɗa kai kamar zai rubuta.

Zafi ya zo ya wuce. Aka fitar da tebura biyu waje, dare na yi mutane suna ci a tsaye a jikin babura, mu dai muna hawa da wuri. Da iska ta fara sanyi na lura hannunta ya rage sauri. Takan baza kwaɓi ta tsaya a tsakiya tana kallon wutar tanderu, ta daɗe, kamar tana sauraron wani yana mata magana daga ciki. Daga baya ta daina ninkewa. Titina takan ba ta curi ɗaya ta riƙe a cinya tana shafawa, ɗumin wuta a gefen fuskarta, mutane suna shigowa suna gaishe ta da sunayen da ta raɗa musu, ko ba ta tambaya ba. "Graziella ce, Nunzià." "Totonno ne, mai ɗingishi." Takan ɗaga gira ta yi murmushi. Har lokacin tana ci, kaɗan-kaɗan, in Sabatino ya yanko mata ya ce a ji masa gishiri.

A watan Nuwamba ta rasu, da hantsi, a kujerarta ta taga, na je ɗauko mata takalmi ke nan.

Da aka fito da ita Sabatino ya sauke ƙofar shagonsa rabi, ya tsaya a waje da farin ƙyallensa a hannu. Lungun ya cika har kwana. Gidan makoki ba a hura wuta, don haka kwana uku abinci yana hawo mana daga ƙasa, romo da safe, fiza da rana, kofi kuwa ba a ƙirga. Ottavio ya ci, ya yi barci a kan gadonsa na yarinta ƙafafunsa suna leƙe, sannan ya koma Torino.

Bayan mako biyu na tattara farantansu na sauka da su. Titina ta karɓa ba ta ko duba ba.

"Ranar Litinin ba ma buɗewa," ta ce. "Za mu tsibirin Procida wurin ƙanwata. Ki sa takalmi mai kyau."

"Ina da ɗinki."

"Yatsun mutane ba za su daskare kafin Talata ba. Agostino ma zai je, ya ce shi zai riƙe miki jaka."

Haka muka tafi mu huɗu a jirgin ruwan safe. Rabon da in hau teku har na manta. Tun ba mu fita daga tashar ba Sabatino ya yi kore, ya rungume ƙarfen gefe yana kiran waliyyai ɗaya bayan ɗaya, Titina tana yi masa fifita da jarida tana ce masa ragon maza. Ni na koma baya na tsaya inda ruwa ke tafasa fari a ƙarƙashin jirgi. Garin yana ja da baya a hankali, gidaje a kan gidaje, ruwan ɗorawa da ja da ruwan ƙasa, hazo ya kwanta a kansu, babban dutsen nan mai aman wuta yana gefe da ɗan gajimare a ka. Na yi ta neman unguwarmu ban gane ta ba.

Don Agostino ya matso, hannu ɗaya a hula kar iska ta ɗauke, ɗaya riƙe da jakata.

"Me kike nema?"

"Lungunmu."

Ya ƙanƙance ido ya daɗe yana dubawa, sannan ya nuna wani wuri da haɓa.

"Ga shi can."

"Don Agostì, wancan ai asibiti ne."

"To kusa da shi," ya ce. "Zo mu shiga ciki, an ce suna sayar da kofi. Mara daɗi ne, amma da zafi."